Ilimin Zuƙe Iska Ya Cancanci Kujera a Jami'o'inmu

Duk lokacin da aka ɗauko zancen ci gaban kimiyya, kwamfuta da intanet ne ke fara zuwa bakin mutane. Ni kuwa akwai fannin da nake ganin mun yi wa riƙon sakainar kashi: ilimin zuƙe iska daga cikin bututu ko tukunya har a bar sararin da kusan babu komai a cikinsa. Da wannan dabara fulas yake riƙe zafin shayi. An zuƙe iskar da ke tsakanin bangonsa biyu, sai zafi ya rasa babbar hanyar da zai bi ya fita. Manyan ɗakunan bincike sun wuce nan nesa ba kusa ba.

A ranar 14 ga Satumba 2015, na'urorin LIGO guda biyu a Amurka suka gano girgizar sararin samaniya da karon wasu baƙaƙen ramuka biyu ya haifar. Hasken leza ne ke kai da komowa a cikin bututu masu tsawon kilomita 4, kuma iskar da ta rage a ciki ba ta wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan na wadda muke shaƙa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda wahalar take. Famfo yana iya korar iskar da ke cikin bututu. Ƙarfen kansa ne ke ba da ciwon kai, domin tururin ruwa da haidurojin suna maƙale a jikinsa, suna fitowa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Sai da aka gasa bututun LIGO kwana 30 a zafin da ya kai digiri 150 kafin ƙarfen ya saki abin da ya riƙe.

A nan binciken yau ya fi zafi. Turai na shirin gina wata na'ura irin LIGO mai suna Einstein Telescope a ƙarƙashin ƙasa, da bututun da jimillar tsawonsu ya haura kilomita 100. Da ƙarfe mai tsada irin wanda ba ya tsatsa, kuɗin zai fi ƙarfin aljihu, shi ya sa injiniyoyin cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba suke gwada ƙarfe mai araha. Su ne kuma suka ƙirƙiro wani shafe da ake lulluɓe cikin bututu da shi, yana haɗiye ragowar iskar da kansa, bangon ya zama famfo. A cibiyar NIST ta Amurka kuwa, ana sanyaya ƙwayoyin zarra da leza, a killace su, a ƙirga saurin da ragowar iskar ke bangaje su. Ta haka ake auna abin da ma'aunin da aka saba ya gaza.

Wani zai ce wannan sha'anin masu ƙoshi ne. Ban yarda ba. Injin kamfanin ASML na Holan, wanda ke zana ƙwaƙwalwar manyan wayoyin zamani, yana aiki da hasken da iska ke shanyewa, don haka sai a sararin da babu iska yake aiki. Busar da wasu alluran rigakafi su zama gari, da shafa siririn sinadari a jikin faifan sola, duk ta wannan ƙofa ake bi. Ƙasar da ba ta da masu wannan sana'a za ta dawwama tana saye.

Ba LIGO nake nema mana ba. Ina kira ga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da shugabannin jami'o'i su ware kuɗi don famfon zuƙe iska mai aiki a kowane sashen fiziks, da na'urar gano yoyo, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji. Fiye da komai, a horar da masu gyara, a biya su albashin da zai zaunar da su. Ɗalibin da ya gama digiri ya kamata a ce ya taɓa ɗaure bututu da hannunsa, ya farauto inda iska ke shiga, ya toshe.