Zauren Iyali: Hannun da ake gaisawa da shi



Wata baiwar Allah ta tare ni bayan karatun mata, ta ce ta iske ƴarta da ƙawayenta sun kashe fitila suna kallon wani fim na aljanu a wayar salula. Tambayarta ita ce: ta hana, ko ta ƙyale? Na nemi fim ɗin na kalla tukuna, domin ba ya kyautuwa a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba.

Sunansa Talk to Me, a Faransa kuma ana kiran sa La Main, wato hannu. Tagwaye ne ƴan Ostireliya, Danny da Michael Philippou, suka shirya shi a birnin Adelaide, aka sake shi a gidajen sinima a 2023. An kashe masa kimanin dala miliyan 4 da rabi, ya kawo fiye da miliyan 90, abin da ke nuna yawan waɗanda suka gan shi.

Labarin wata budurwa ce, Mia, wadda mahaifiyarta ta rasu shekara 2 da suka wuce, baƙin ciki bai sake ta ba. Abokanta sun samu wani busasshen hannu na gawa. Sai a kunna kyandir, mutum ya riƙe hannun, ya ba wani ruhi izinin shiga jikinsa, da sharaɗin kada a wuce daƙiƙa 90. Sauran kuwa suna dariya, suna ɗauka da waya. Ranar da Riley, ƙanen ƙawarta, ya gwada, sai Mia ta ji muryar mahaifiyarta a bakinsa, ta roƙa a ƙara lokaci. Yaron ya ƙare a asibiti da munanan raunuka.

Alherin fim ɗin na farko shi ne bai ƙawata wannan wasa ba. Babu wanda aka tilasta. Kowa da bakinsa ya yi gayyata, don kada abokai su ce matsoraci ne. Duk uban da ya ga yadda ƙwayar tramol ta cinye samari a unguwanninmu zai gane hanyar: gwaji sau ɗaya, daɗi na ɗan lokaci, sannan a kasa bari. Na biyu, ya nuna cewa maraicin da ba a kula da shi ba ƙofa ce. Mia da mahaifinta gida ɗaya suke, amma ba sa zantawa, sai ta tafi neman lallashi inda babu shi. Na uku, fim ɗin da kansa ya sa mai kallo shakka: anya mahaifiyar ce ke magana, ko wani maƙaryaci ne ya ari muryarta?

A nan ne ya kamata mu gyara wa yara fahimta. Aljanu gaskiya ne, kuma Suratul Jinni, a aya ta 6, ta ba da labarin mutanen da suka nemi tsari da su, abin bai ƙare da alheri ba. Amma mamaci yana barzahu, ba ya dawowa ya shiga jikin kowa. Babban giɓin fim ɗin kuwa shi ne babu mai neman tsarin Allah a cikinsa daga farko har ƙarshe. Ya nuna ciwo, bai nuna magani ba.

Haka nan akwai zubar da jini, da ashar, da giya, da wasu wurare na rashin kunya. Ko a Amurka ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga kallonsa sai da babba. Saboda haka ba na ƙananan yara ba ne ko kaɗan, kuma ba na ba da shawarar a kawo shi gida.

Amma ga wadda ƴarta ta riga ta gani, amsata ita ce: tsawa kaɗai ba ta goge abin da ido ya ɗauka. Ki zaunar da ita, ki tambaye ta me ya sa Mia ta kasa sakin hannun, kuma wa ita za ta faɗa wa in damuwa ta yi mata yawa. Ki koya mata Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin barci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, wassalam.