Rumana: Furen Da Muke Takawa Ba Mu San Sunansa Ba

 

A tsakiyar daminar bana wata ɗalibata 'yar shekara tara ta shigo aji riƙe da fure shuɗi mai sirkin shunayya. Ta ce a gefen gonarsu ta tsinko shi, nan bayan garin Dayi. Ta ce, "Malama, mene ne sunansa?" Na juya shi, na sake juyawa, ban sani ba. Wallahi kunya ta kama ni. Da yamma na kai wa gwaggona, tana gani ta yi dariya ta ce, "Ke da karatunki ba ki san rumana ba?"

To uwargida, ga yadda za ki gane ta. Ganyenta dogo ne, siriri, mai tsini kamar takobi, kuma a miƙe yake tsayawa. Furannin suna jeruwa a jikin kara ɗaya, suna fuskantar gefe guda, na ƙasa ne ke fara buɗewa. Kowane fure yana da fiffike shida, da 'yan sanduna uku masu ɗauke da gari a tsakiya. Idan aka tono gindinta za a ga ƙwallo mai tauri wanda zare-zare suka lulluɓe, ba shi da ɓawo hawa-hawa irin na albasa. Akwai mai shuɗi, akwai kuma babbarta mai ja da rawaya.

Kada ki ruɗe da balasa, don ita ma furenta shuɗi ne. Balasa yaɗo take yi a ƙasa, jikinta ruwa-ruwa, furenta kan buɗe da safe ya yanƙwane kafin azahar. Duk wadda ta taɓa noma ta san yadda take sake kamawa bayan an cire ta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, masana tsirrai sun sa rumana dangi ɗaya da za'afaran, wanda muke jin sunansa a littattafan fiƙihu. Shi ma furensa shunayya ne, ana tsince jajayen zare uku daga cikinsa a shanya, kuma ƙasar Iran ce ta fi kowa noma shi. Ita kuwa babbar rumana, Turawa sun ɗauke ta daga Afirka a ƙarni na 19, suka haɗa irinta da wasu, aka samu furannin da ake sayarwa yau a Turai. Tun a 1916 wani likitan Turawa mai suna Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirranmu da Hausa. Baƙo ya tattara, mu 'yan gida muna mantawa.

Wannan ba zancen ado kaɗai ba ne. Yaranmu suna bin iyayensu gona, suna kai abinci, suna tone-tone, kuma yaro duk abin da ya tono baki yake kaiwa. A daji ɗaya da rumana akwai albasar kwaɗi, wadda ba ta ciwuwa. Akwai baurairai, mai hawa jikin ciyayi, ƙarshen ganyensa a lanƙwashe, furensa ja da rawaya gwanin sha'awa, amma saiwarsa dafi ce mai kisa. Uwar da ba ta san su ba, ta yaya za ta gargaɗi ɗanta? Ita kanta rumana, tsofaffi kan ambace ta a maganin ciki, amma ba na ba da shawarar a ɗura wa yaro abin da ba a san ma'auninsa ba. Idan yaro ya ci wata saiwa ya fara amai ko gudawa, a garzaya asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci.

Sannan rumana ba ta samun wurin zama kamar da. Daga Malumfashi zuwa Funtuwa an nome kusan ko'ina, maganin feshi kuma ba ya tambayar sunan ciyawa. Ki roƙi maigida, idan ya ga tana tsiro a kan iyakar gona, ya bar ta.

Ki duba Suratu Ƙaf, aya ta 7 da ta 8, inda Allah Ya sanya kyawawan tsirrai abin lura da tunatarwa ga bawa mai komawa gare Shi. Ki zauna da tsohuwar gidanku, ki tambaye ta sunayen tsirrai biyar, ki koya wa 'ya'yanki tun tana raye.

Ɗalibar nan kuwa, washegari na faɗa mata sunan, na kuma faɗa mata wadda ta koya mini. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare mana zuri'a. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.