Haƙƙin 'Yan'uwanmu Mazauna Makka A Kan Alhazai

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk shekara idan alhazai suka dawo, mu a nan Dagumawa da sauran garuruwan ƙasar Wudil mukan cika zauruka domin yi musu barka da sauka. A sha Zamzam, a ci dabino, a saurari labarin Ka'aba da Arfa da Mina. To amma da hira ta yi nisa sai a koma kan "takari", ana yi ana ƙyaƙyata dariya: yadda suke rugawa da kulolin abinci in sun hango askarawa, da yadda Hausarsu ta cakuɗe da Larabci. Wannan dariya ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Makka gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, kuma Hausawa iri biyu ne suke haɗuwa a cikinsa. Akwai baƙi masu zuwa ibada su yi 'yan makonni su koma. Akwai kuma mazauna, irin na unguwannin Misfala da Shara Mansur, waɗanda da yawansu suke kwana a ƙananan ɗakuna can kan duwatsu. Su ne suke kawo wa alhaji tuwo da miyar kuka sa'ad da abincin Larabawa ya gundure shi, su tura keken tsohuwarsa wajen sa'ayi, su yi masa tafinta a kasuwa. Ya ci moriyarsu, sa'an nan ya dawo gida ya mai da su abin ba'a. Ashe ba mu zama masu cin moriyar ganga mu ya da kwaurenta ba?

Wanda bai san asalin al'amari ba shi ne yake raina shi. Ita kanta kalmar takari daga Takrur ta fito, sunan da Larabawa suka daɗe suna kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi. A shekarar 1903, bayan Nasara sun ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a zuwa Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau, wasu kuma suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Hijaz. Daga cikin 'ya'yan masu hijira daga ƙasashenmu aka sami Shaikh Umar Fallata, wanda ya shekara da shekaru yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi (S.A.W) har ya rasu a 1999.

Ba mu ce duk mazaunin can muhajiri ba ne. Mun san akwai masu sayar da gona su tafi da sunan Umra su maƙale, ba igama ba muharrami, kuma muna nan kan bakanmu cewa wannan saɓa alkawari ne da jefa kai cikin wulakanci. Sai dai mai kuskure nasiha yake bukata, izgili ba ya shiryar da kowa.

Domin mu ga girman sakacinmu, mu dubi wani garin kan dutse da masu gudun hijira suke zaune tare da baƙi. A 1959 Dalai Lama, jagoran mutanen Tibet, ya tsere daga mulkin ƙasar Sin tare da mutane wajen 80,000. A 1960 ya zauna a Daramsala, a gindin duwatsun Himalaya da ke arewacin Indiya. A wannan shekara suka buɗe gidan renon yara wanda ya zama makaranta, a 1970 kuma suka kafa ɗakin adana littattafansu. Baƙi daga Turai da Amurka suna zuwa garin, suna sayen kayan sana'arsu, wasu ma suna zama su koya musu Turanci kyauta. Waɗannan mabiya addinin Buddha ne, ba abin da ya haɗa mu da su a aƙida. To in wanda bai san Allah ba ya san darajar mai gudun hijira, ina hujjarmu mu da Allah (S.W.T) Ya yabi mutanen Madina a cikin Suratul Hashri saboda ƙaunar waɗanda suka yi hijira zuwa gare su?

Saboda haka muna kira ga malamai masu yi wa maniyyata bita da su sanya wannan haƙƙi cikin darasinsu. Alhaji ya biya mai tuwo da mai tura keke haƙƙinsu cikakke, ya yi musu sallama, kada ya kira su da sunan da ya san yana yi musu zafi. Mai ɗan'uwa a can ya neme shi, ya yi masa nasiha a ɓoye, in yana son dawowa ya taimaka masa. Muna kuma kira ga kwamitocin masallatanmu da su kula da waɗanda hukumomin Saudiyya suke korowa, ana sauke su a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, wasu a can aka haife su, ba su san ƙofar gidan kakanninsu ba. A karɓe su, a sanya 'ya'yansu a Islamiyya, a ba su wani abu daga zakka su ja jari.

Allah Ya karɓi ibadar alhazanmu, Ya rufa asirin 'yan'uwanmu a duk inda suke, Ya ba mu ikon bin Sunna. Amin.