Batirin Tocila Mai Lamba 9900: Yaudara Ce, Kuma Muna Da Haƙƙi



Akwai wani haƙƙi da ba mu cika maganarsa a wannan takarda ba, alhali yana kwana da mu a ɗaki, wato haƙƙin mai saye. Abin da ya sa na ɗauko shi shi ne manyan tocilolin nan masu jikin ƙarfe da suka cika hannun masu gadi, 'yan sintiri da masu shayi, daga Tashar Jabi har cikin Ɗaki Biyu. Ita tocilar ba ni da ja da ita, domin duk wanda ya taɓa tsaron gida da dare ba wuta ya san amfaninta. Maganata a kan batirin da ake cusa mata ne.

Yawancin waɗannan tociloli suna aiki da batirin litiyam da ake kira 18650. Sunan ma awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. To, manyan kamfanonin da ke ƙera shi, irin su Panasonic, Samsung da LG, mafi ƙarfin da suke fitarwa a wannan girma bai wuce wajen 3,500 ko 3,600 na ma'aunin mAh ba. Amma sai ka tarar da wani a tire, an naɗe shi da ja ko shuɗiyar leda, babu sunan kamfani sananne, an rubuta masa 6800 ko 9900. Wannan lamba ƙarya ce tsagwaronta. Mu da muka zauna ajin yaƙi da jahilci an nuna mana cewa karatu yana hana a cuce ka, amma ga shi nan an samu masu cutar mutum ta hanyar karatun nasa, ya ga babbar lamba ya ɗauka ya yi dace.

Me ke cikin ledar? Wani tsohon batiri ne da aka ɓalle daga matacciyar kwamfuta aka sake masa riga. Wani kuma kamfani ne ya jarraba ya ƙi shi. Wani ƙaramin batiri ne aka saka a babban kwanso. Mai sikelin awo zai gane da kansa, domin na gaske yana kai giram 45 ko ɗan fiye, jabun kuwa sau da yawa sakayau za ka ji shi.

Da hasarar kuɗi ce kawai, da sai mu ce Allah ya mayar da alheri. Amma litiyam ba irin batirin rediyon da muka saba da shi ba ne. Bai kamata cajinsa ya wuce bolt 4.2 ba, kuma jabun caja ba ta san ta tsaya ba. Idan ya wuce, ko ya huje, ko ledarsa ta yage jikinsa ya taɓa ƙarfe, sai ya ɗauki zafi, zafin ya haifi wani zafin, har ya fesar da wuta da hayaƙi mai guba. Babbar tocila tana zuƙar wuta da ƙarfi, kuma jikinta bututun ƙarfe ne a toshe gaba da baya, iskar ba ta da mafita. Wadda ke cin batiri biyu ta fi haɗari, musamman in aka haɗa sabo da tsoho. Ko kamfanoni masu suna ba su tsira ba: a 2006 Dell ya janye batiran kwamfuta sama da miliyan 4 da Sony ya ƙera, a 2016 kuma Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 saboda kamawa da wuta. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan sayen irin wannan batiri na 18650 a warwatse. In waɗanda ke da ɗakin gwaji sun yi tuntuɓe, ina ga wanda ko adireshi bai saka ba?

Yanzu mu dubi inda muke cajin. Ɗaki ne na kwano, a zafin watan Maris, katifa a gefe, ga galan ɗin fetur na janareta a bayan ƙofa, ana kawo wuta tsakar dare kowa na barci. Ɗakunanmu a manne suke, lungunanmu kuwa motar kashe gobara ba ta shiga da yawansu. Gobara ɗaya ta isa ta cinye layi guda, da jari, da takardun shaida. Kuma kun san wanda ake wa kallon baƙo, in ɗakinsa ya ƙone, ba lalle a bar shi ya sake ginawa ba.

Doka ba ta ce sai ɗan asalin gari ke da haƙƙin mai saye ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba kowa haƙƙin samun kaya masu inganci marasa haɗari, da haƙƙin mayar da wanda ya saɓa wa abin da aka faɗa. Hukumar SON kuma ita ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su, tun 2005 tana da shirin SONCAP domin haka. Muna da damar tambayarsu yadda batiri mai lambar da ba ta yiwuwa ya wuce tashar jirgin ruwa ya iso tire. Sai dai ƙara tana son shaida, saboda haka a nemi rasit, a ajiye kwalin.

Na san da yawa daga masu sayarwar 'yan uwanmu ne, su ma sari suka yi ba su sani ba. To yanzu sun sani, kuma mayar da kaya wurin dila ya fi a zo ana sulhu a kan toka. Masu gidajen da ake wa gadi kuwa, kayan aiki a wuyansu yake. Ba daidai ba ne a ce maigadi ya sayi tocila daga ɗan albashinsa, domin dole ya nemi mafi araha.

Kafin nan, kada a bar batiri a caji a kwanta ko a fita. A ɗora shi kan siminti nesa da katifa da fetur. Kada a jefa shi aljihu tare da makullai. Wanda ya kumbura, ko ya yage, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, a daina amfani da shi, a liƙe bakinsa biyu da salatif, kada a jefa shi bola inda yara ke tona ko ake cinna wuta. In ya fara hayaƙi, a kashe soket, a fitar da yara, a nisanci hayaƙin, a kira 112.

Duk wanda ke da irin wannan batiri ya kawo shi ofishin ƙungiya tare da rasit in akwai, mu tara, mu rubuta takarda ɗaya da sunan jama'a.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya