Makullin shafinku na intanet yana hannun wa?

Babu ɗan kasuwar da zai sa magini ya gina masa shago a kasuwar Dole ta Damagaram, ya biya shi ladansa, sannan ya bar shi ya tafi da makulli. Amma kusan haka ƙungiyoyi, makarantu masu zaman kansu, gidajen rediyo da ƙananan kamfanoni da yawa ke yi da shafukansu na intanet. Ana kiran matashin da ya iya aikin, ya gina shafi, a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hotuna. Ba wanda ke tambayar da sunan wa aka buɗe asusun da shafin ke zaune a kai.

Shafi ko manhaja ba a kwamfutar ofis take zama ba. Ana hayar wuri ne a manyan kwamfutocin kamfanoni irin su OVH na Faransa, ko Amazon Web Services, Google Cloud da Microsoft Azure na Amurka. Kafin a ɗora aiki a can sai da shaidar shiga, kuma ba guda ɗaya ba ce. Akwai kalmar sirrin asusun haya, akwai ta rumbun bayanai, akwai ta wurin da aka sayi sunan shafin, akwai kuma wani dogon makulli na haruffa da lambobi da kwamfuta ke gabatarwa da kanta duk lokacin da za a ɗora sabon gyara. Wanda ya riƙe waɗannan shi ne mai shafin a aikace, ko da sunan wani ne a jikin takardar kwangila.

A ƙasarmu matsalar tana farawa tun daga biyan kuɗi. Hayar ana biyanta da yuro ko dalar Amurka, ta katin banki. Mai ƙungiya ba shi da katin, ko ba ya son wahalar, sai mai gina shafin ya buɗe asusun da adireshinsa na Gmail, da lambar wayarsa, da katin wani ɗan'uwansa. Bayan shekara biyu ya samu gurbin karatu a waje, ko an saɓa a kan ragowar kuɗi, ko wayarsa ta ɓace. Wa'adin haya ya cika, saƙon tunatarwa ya tafi akwatin da ba wanda ke buɗewa, shafi ya mutu. Sai a ce intanet ɗin Nijar ce ba ta da kyau.

Za a ce ai amana ce. Ban musa ba, galibin matasan nan masu gaskiya ne. Sai dai amana ba ta hana rashin lafiya, ba ta hana tafiya, ba ta hana ɓarawo ya fizge salula a bakin tasha. Kuma in za a faɗi gaskiya, wasu masu gina shafuka suna riƙe makulli ne da gangan, domin shi kaɗai ne jinginar da ke hannunsu idan mai aiki ya fara jan ƙafa wajen biya. Na fahimci dalilinsu. Maganinsa shi ne a raba biyan kashi-kashi a rubuce, ba a yi garkuwa da bayanan mutanen da ba su ci ba, ba su sha ba.

Ɗaya ɓangaren ya fi haɗari, kuma a nan laifin na masu sana'ar ne. Don sauƙi, mai rubuta manhaja yakan saka makullin a cikin rubutun manhajar kanta, sannan ya ajiye rubutun a GitHub. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A 2016 masu kutse sun tarar da makullin Amazon na kamfanin Uber a cikin ma'ajinsa na GitHub, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya ba su dalar Amurka dubu 100 don su yi shiru, bai fito da maganar ba sai a Nuwamban 2017, daga baya ya amince ya biya dala miliyan 148 ga jihohin Amurka. A 2022 kotu ta samu tsohon shugaban tsaron kamfanin, Joe Sullivan, da laifi a kan ɓoye lamarin. A wannan shekarar kuma Toyota ta sanar da cewa wani makullinta ya yi kusan shekara biyar a buɗe a GitHub, kuma ta hanyarsa ana iya kaiwa ga adireshin imel na abokan cinikinta kusan dubu 296. Ɗan kwangilar da aka ba aikin shafin ne ya ɗora shi.

Wanda ya fi dacewa ƙananan kamfanoninmu su sani shi ne labarin Code Spaces. A Yunin 2014 wani ya shiga asusunsu na Amazon, ya nemi kuɗi. Da suka yi yunƙurin karɓe asusun, sai ya goge bayanai har da ajiyar ko-ta-kwana, tunda duk a asusu ɗaya suke. Kamfanin bai sake tashi ba.

Wani zai ce wa ya damu da shafin ƙaramar ƙungiya a Tawa. Ɓarayin nan ba sa zaɓe. Manhajoji ne ke sintiri a GitHub dare da rana suna tsintar makullai, kuma sau da yawa ba bayananka suke so ba. Suna kunna kwamfutoci masu tsada da asusunka don haƙo kuɗin kirifto, ƙarshen wata takardar biya ta zo maka. Goge layin da makullin yake ba ya wadatarwa, domin ma'ajin yana riƙe da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi. Makullin da ya fita sai dai a soke shi a yi sabo.

Gyaran nan ba ya cin ko dala. A buɗe asusun haya da na sunan shafi da imel na ƙungiya, mutum biyu na gida su san yadda ake shiga. Mai gina shafi a yi masa nasa makulli daban, mai iyaka, wanda zai iya ɗora gyara amma ba zai iya goge rumbu ko canja mai asusu ba, ranar da aikinsa ya ƙare a soke shi. A kunna tantancewa ta biyu, kuma gara ta manhajar waya da ta saƙon SMS, don layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfanin sadarwa na iya ba wani. Lambobin ceto a buga su a takarda a kulle tare da takardun banki. A daina tura kalmar sirri a zauren WhatsApp mai mutum talatin, wanda rabinsu sun bar aikin tuntuni.

Akwai kuma batun doka. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane. Idan sunaye da lambobin waya na marasa lafiya, ɗalibai ko masu karɓar tallafi suka fita, wanda ya tara bayanan za a fara tambaya, ba yaron da ya gina shafin ba. Don haka ma'aikatu, ofisoshin magajin gari da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar shafi ya kamata su saka sharaɗi guda a takardar: ba za a biya kashin ƙarshe ba sai wani ma'aikacinsu ya shiga asusun da kansa, a gaban ɗan kwangila, ya canja kalmar sirri, ya kuma duba jerin duk waɗanda ke da izinin shiga.