Burodin da ba shi da suna

A teburin mai shayi a Batsari, ko a kasuwar Runka ta Safana, sau da yawa burodin da ake yanka mana farar leda ce kawai a jikinsa, babu sunan gidan burodi balle lambar NAFDAC. Tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabancinta hukumar ta haramta sinadarin bromate, wanda ke kumbura ƙullu a arha, saboda yana lahanta ƙoda, ana kuma zarginsa da jawo ciwon daji. To, wane jami'in hukumar zai biyo hanyar dajin Rugu don duba burodi? Ni a ganina ƙananan hukumomin biyu su tilasta wa kowane mai gashi buga sunansa a leda. Ai muna da 'yan duba-gari, kuma albashi suke karɓa.