Zama da aiki a cikin mota: Kayan aiki sun samu a Kano, zango ne babu

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: Bature ya sayi motar ɗaukar kaya, ya mayar da cikinta ɗakin kwana da madafa da makewayi, ya shimfiɗa farantan sola a rufi, yana aikin ofis ta intanet, yau a bakin teku gobe a gindin dutse. Wannan ce tafi-da-gidanka ta zahiri. Ba abin mamaki ba ne matashin da ke Babban Giji ko Gyadi-Gyadi, mai rubuta manhaja ko tace bidiyo, wanda kuɗin haya da rashin wuta suka gallaba, ya tambayi kansa me zai hana ya sayi tsohuwar Hiace ya tare a ciki.

Amsar a taƙaice ita ce: na'urorin da wannan rayuwa ke buƙata sun iso Kano, amma abin da ke riƙe da ita bai iso ba, wato amintaccen wurin tsayawa. Wanda ya zuba jarinsa a mota kafin a samar da wannan, ya sayi doki ne babu turke.

Lissafin wuta yana fita

Daga Babban Giji zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ba wata tafiya ba ce, kuma tsakanin can da Sabon Gari mutum zai haɗa akasarin kayan da yake so. Kwamfutar cinya mai cin wat 60, idan ta yi awa takwas tana aiki, ta sha wat-awa 480. Ƙaramar na'urar Starlink Mini tana cin wat 25 zuwa 40, wato kimanin wat-awa 300 a yinin aiki. A ƙara fanka mai amfani da batir, da ƙaramin firji, da fitilu da cajin waya, jimilla za ta tsaya wajen kilowat-awa ɗaya da rabi a rana.

Farantan sola na wat 400, a ranar Kano da ke ba da awa biyar ko fiye na cikakken haske, za su iya mayar da wannan adadi ko da an cire abin da ke salwanta a waya da inbata. Batirin litiyom mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ajiye kusan kilowat-awa biyu da rabi, ya isa ya kai mutum safiya. Ta fuskar intanet kuwa, Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023. A takarda dai komai ya yi daidai.

Inda lissafin ke wargajewa

Abu na farko zafi ne. A watannin Maris zuwa Mayu, zafin Kano kan haura digiri 40, mota kuwa akwatin ƙarfe ce, idan aka rufe ta a rana cikinta kan wuce digiri 60. Masu ƙera batiran litiyom galibi ba su yarda a yi musu caji sama da digiri 45 ba. Ga kuma tsaka mai wuya: sola na son a ajiye motar a tsakiyar rana, mai motar na neman inuwar dalbejiya. Idan aka ce a saka na'urar sanyaya ɗaki, ko ƙarama ce za ta iya shan kilowat-awa huɗu zuwa shida a dare guda, ninki uku ko huɗu na abin da rufin motar zai iya tarawa. Wanda ya koma ga janareta ya ajiye shi dab da inda yake kwana kuwa, ya gayyaci hayaƙin nan marar wari da ya sha kashe iyalai a cikin barci. Da hunturu ya shigo, ƙura ta lulluɓe farantan, sai an riƙa goge su kullum.

Na biyu mai ne. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, kuma Hiace mai ɗauke da gado da batir da tankin ruwa za ta sha lita 45 zuwa 50 kafin ta isa. Zuwa da dawowa sau biyu a wata ya isa ya cinye abin da aka ce an tsira da shi daga haya.

Na uku ruwa ne. Lita 100 nauyin kilo 100 ce, kuma ga mai alwala sau biyar da wanka da girki, ba za ta wuce ƴan kwanaki ba. Bayan haka, ina za a zubar da abin da makewayi ya tara?

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, tsaro ne. Masu bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ko Funtuwa zuwa Gusau sun san ba a tsayawa kwana a inda aka ga dama. Mota mai farantai a rufi da faifan intanet a sama talla take yi cewa akwai dukiya a ciki. A Satumban 2021 ma, hukumomi sun katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni saboda yaƙi da ƴan bindiga. Mai aikin da ya dogara da data, ranar da irin haka ta ritsa da shi a hanya, aikinsa ya tsaya.

Abin da bidiyon ba ya nunawa

Rayuwar mota tana yiwuwa a Amurka ne saboda akwai dubban sansanoni da mutum zai biya ya shiga, ya jona wuta, ya cika tanki, ya zubar da ƙazanta a ramin da aka tanada. A filayen gwamnatin tarayya da dama, doka ta ba shi damar yada zango kyauta har kwana 14. Duk da haka, ba kowa ya shige ta don nishaɗi ba. Fim ɗin Nomadland, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, labari ne na matar da ta koma mota bayan an rufe masana'antar garinsu, ta rasa gida da abin yi.

Ko Pelumi Nubi, ƴar asalin Najeriya da ta tuƙo ƙaramar Peugeot 107 daga Landan a ƙarshen Janairun 2024 ta iso Legas a watan Afrilu, tana kwana a cikinta a wurare da dama, tafiya ta yi mai farko da ƙarshe. Bajinta ce babba, amma ba zaman dindindin ba ne.

Bahaushe ya riga kowa sanin wannan

Zama a kan hanya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goro, tafiyar da ke cin watanni. Jaki ba shi ne sirrin fatauci ba. Sirrin shi ne ayari ƙarƙashin madugu, da zango a ƙarshen kowane yini, inda akwai ruwa da abinci da mai masauki da ke lamunce wa baƙo. Sunayen Zangon Daura da Zangon Kataf, da unguwannin zango na Kumasi da Akara, shaida ce har yau. Sai da aka kafa zango tukuna fatauci ya bunƙasa.

Magadan fatake suna nan da ransu. Wanda ya bi Titin Zariya ta Unguwa Uku da Na'ibawa, ko ya zaga Eastern Bypass da daddare, zai ga tireloli jere a gefen titi, direba na kwance a gadon bayan kujera, yaron mota ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Waɗannan su ne masu zama da aiki a mota na haƙiƙa. Wayarsu ce ofishinsu, da ita suke neman lodi, su karɓi kuɗin mai, su ji muryar iyali. A Tafa da Mararrabar Jos haka suke kwana a bakin kwalta, wani lokaci tankar mai na dab da masu toya ƙosai. A Tarayyar Turai, doka ta wajabta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. A nan, ko direba ya so hutawa, sai ya samu wurin da zai rufe ido bai ji tsoron a zuƙe masa gas ko a kwance masa batir ba. Gajiyar direba kuwa ba shi kaɗai take kashewa ba.

Inda ya kamata kuɗi da basira su tafi

Shekaru ke nan Hukumar Kula da Masu Shigo da Kaya ta Ruwa tana maganar gina tashoshin hutun manyan motoci a wurare irin su Lokoja da Obollo-Afor. A Janairun 2023 kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wadda manufarta ita ce jawo ƙarin kaya, da ƙarin motoci, zuwa Kano. Buƙatar a fili take. Fili mai katanga da masu gadi da kyamarori, da rijiyar burtsatse mai sola, da banɗaki da masallaci, da wurin caji da intanet, duk da kayan da ake sayarwa a kasuwannin Kano za a haɗa shi. Matashin da ya iya rubuta manhaja zai fi cin riba idan ya zauna da ƙungiyoyin NARTO da NURTW, ya samar wa direbobi hanyar kama gurbin kwana da biyan kuɗi ta waya, a kan ya kashe miliyoyi wajen yi wa Hiace silin.

Wanda kuma wuta ce damuwarsa, ya ɗauki farantan nan da batirin ya girka a gida. A Oktoban 2024, lokacin da layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace, Kano ta shafe fiye da mako guda cikin duhu, masu sola ne suka ci gaba da aiki. A ɗaki batir zai samu sanyi, ya daɗe, mai shi kuma yana da adireshin da banki zai karɓa da mai unguwar da zai shaide shi ranar neman aure.

Mota mai gado tana da amfani ga mai ɗaukar bidiyo da zai yi kwana uku a Falgore ko Tiga, ko injiniyan da ke zagayen gyaran turakun sadarwa. A yi ta don tafiya, a dawo gida. Zaman dindindin kuwa sai ranar da direban tirela ya samu zangon da zai kwana cikin aminci tsakanin Kano da Legas.